Girgizar atom da ilektoron a kayan sufakondakta masu zafi: wa ke riƙe da wa?

A shekarar 1911, a birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har ta kai digiri 4.2 a ma'aunin Kelbin, sai ya ga turjiyar da take yi wa wutar lantarki ta ɓace ƙurmus. Abin da ake kira sufakondakta ke nan: abu ne da lantarki ke ratsa shi ba tare da asarar ko ƙwayar kuzari ba. An shafe shekara 46 kafin a gane dalili, kuma amsar da aka samu ta dogara ne kacokan a kan girgizar atom. Matsalar ita ce, tun daga 1986 an gano wasu kayan da ke yin wannan aiki a zafin da ya ninka na zaiba sau ashirin zuwa talatin, kuma har yau masana ba su daddale ba a kan rawar da girgizar ke takawa a cikinsu.

Atom ɗin da ke cikin ƙarfe a jere suke kamar saƙa, kowanne da mazauninsa, amma ba a sandare suke ba. Suna karkarwa, kuma karkarwar ɗaya tana jan ta maƙwabcinsa, ta zama igiyar girgiza mai ratsa kiristal ɗin. Ƙullin kuzari mafi ƙanƙanta na wannan girgiza shi ake kira fonon. Idan ilektoron, mai caji na ragi, ya gifta tsakanin atom masu caji na ƙari, yakan ɗan jawo su wajensa. Shi mai sauri ne, su kuwa masu nauyi ne (furoton guda ɗaya ma ya fi ilektoron nauyi sau 1836), don haka kafin su koma mazauninsu tuni ya yi nisa. Ya bar sawu ke nan, kamar wanda ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ya wuce. Wannan sawu mai tarin caji na ƙari shi ke jawo ilektoron na biyu. Su biyun ba sa haɗuwa gaba da gaba, shi ya sa ƙiyayyar da ke tsakanin caji iri ɗaya ba ta hana su ƙulla alaƙa. Jinkirin atom shi ne sirrin abin. Leon Cooper ya nuna a 1956 cewa jan komai ƙanƙantarsa ya isa ya haɗa ilektoron biyu-biyu, sannan a 1957 shi da John Bardeen da Robert Schrieffer suka kammala ka'idar da ake kira BCS.

Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi ta riga ka'idar zuwa. A 1950 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka auna zaiba mai aisotof daban-daban, wato atom iri ɗaya amma nauyinsu ya bambanta, suka ga mafi nauyi ya fi buƙatar sanyi. Zafin da abu ke rikiɗa ya zama sufakondakta, wanda ake rubutawa Tc, yana raguwa daidai da yadda saurin girgiza ke raguwa, kuma lambar da ke auna wannan dangantaka, alfa, ta fito kusan 0.5. Daga baya Eliashberg a 1960 da McMillan a 1968 suka mai da abin lissafi: a ba ka kuzarin fonon, da ƙarfin riƙon da ke tsakanin ilektoron da fonon, wanda ake kira lamda, da ragowar ƙiyayyar caji wadda ke tsakanin 0.1 da 0.15, ka fitar da Tc. Alminiyom na da lamda kusan 0.4 da Tc na 1.2. Dalma na da lamda kusan 1.5 da Tc na 7.2. Har zuwa 1986, mafi girman abin da aka samu shi ne digiri 23 a haɗin nayobiyom da jamaniyom, kuma da yawa sun ɗauka an kusa ƙurewa, domin idan riƙon ya yi ƙarfi da yawa saƙar atom kanta takan rushe ta koma wani tsari.

Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurik sun sami kusan digiri 30 a haɗin lantanom da bariyom da jan ƙarfe da oksijin. Abin lura a nan, wanda ake yawan mantawa, shi ne girgizar atom suka fita nema. Sun zaɓi jan ƙarfe ne saboda sun san yana murɗa atom ɗin oksijin da ke kewaye da shi, suna fatan riƙo mai ƙarfi. A farkon 1987 ƙungiyoyin Maw-Kuen Wu da Paul Chu suka kai digiri 93 da YBCO, wato haɗin itiriyom da bariyom da jan ƙarfe da oksijin, wanda ya haura digiri 77 da ruwan naitirojin ke tafasa. A 1993 haɗin da ke da zaiba ya kai 133, kuma a ƙarƙashin matsi ya kai wajen 164. Wannan dangi, da ake kira kufret, duk abu ɗaya ya haɗa su: shimfiɗaɗɗen faifai na jan ƙarfe da oksijin, inda tazarar jan ƙarfe da oksijin take kusan angistiram 1.9 (angistiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita).

Abubuwa uku suka sa aka juya wa fonon baya. Na farko, uwar waɗannan kayan, wato asalinsu kafin a yi musu gauraye, kamar La2CuO4 (haɗin lantanom da jan ƙarfe da oksijin), ba ta ma wuce da lantarki. Ilektoron ɗinta sun cushe, kowanne ya maƙale a kan jan ƙarfensa saboda tsadar zama biyu wuri ɗaya ta kai kusan ilektoron-bolt 8 (ma'aunin kuzari ne na ƙananan ƙwayoyi; mili-ilektoron-bolt kashi ɗaya ne cikin dubunsa), kuma ɗan maganaɗisun kowannensu, sifin, yana fuskantar akasin na maƙwabcinsa. Kuzarin wannan alaƙa ta maganaɗisu kusan mili-ilektoron-bolt 130 ne, ya fi na kowane fonon a cikin kayan. Sai an cire wasu ilektoron an bar gurabe, ta hanyar sauya wasu atom ko ƙara oksijin, sannan abin ya zama sufakondakta, kuma Tc ya fi girma idan gurbi ya kai kusan 0.16 ga kowane jan ƙarfe. Philip Anderson ya kafa hujja da wannan tun 1987 cewa maganaɗisu ne tushen abin. Na biyu, gwajin aisotof a YBCO ya ba da kusan sifili. Na uku, gwaje-gwajen 1993 da 1994, musamman zoben Tsuei da Kirtley da ya kama rabin ƙullin maganaɗisu, sun tabbatar da cewa ma'auratan suna da salon d: giɓin kuzarinsu, wato kuzarin da ake buƙata don raba su, yana da alamar ƙari ta wata fuska, alamar ragi ta fuskar da ke gicciye da ita, sifili kuma a tsakani.

Hujja ta biyun tana buƙatar a zauna a kanta, domin ba ta kai yadda ake faɗinta sauƙi ba. Ga yadda ake gwajin. Ana ɗaukar gari ko ƙwaya daga dahuwa ɗaya a raba biyu. A sa rabi a bututu mai oksijin-16, rabi a bututu mai oksijin-18, a gasa su a tanda ɗaya, lokaci ɗaya, matsi ɗaya, a kuma sanyaya su tare. Ana tabbatar da musayar ta hanya biyu. Ɗaya ita ce awo: YBCO na da nauyin giram 666 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin abu), yana da oksijin bakwai, don haka cikakkiyar musaya za ta ƙara masa giram 14, kusan kashi 2.1 cikin ɗari. Ɗayar ita ce hasken Raman, wato auna saurin girgizar atom da hasken leza: saurin girgizar da oksijin kaɗai ke yi ya kamata ya ragu da kashi 5.7 cikin ɗari. Da alfa 0.5 ne a kan oksijin, da Tc ya sauka da digiri biyar da ɗoriya. Abin da aka gani bai kai rabin digiri ba.

Inda gwajin ke lalacewa shi ne adadin oksijin. A waɗannan kayan oksijin ne ke ƙayyade yawan gurabe, kuma yawan gurabe ne ke ƙayyade Tc. Akwai ƙa'idar da aka saba amfani da ita, wadda ke cewa kason da Tc ke sauka daga ƙololuwarsa shi ne 82.6 sau murabba'in tazarar da ke tsakanin yawan gurbi da 0.16. Idan aka bi ta, a gurbi 0.10 kuskuren 0.001 kacal zai motsa Tc da kusan digiri ɗaya a abu mai ƙololuwar 92, wanda ya isa ya haɗiye sakamakon baki ɗaya. Maganin shi ne musayar komawa: a mai da mai 18 zuwa 16, mai 16 zuwa 18, a ga ko Tc ya bi aisotof ko ya tsaya tare da samfurin. Duk rahoton da bai yi wannan ba, bai kamata a ɗora masa nauyi ba.

Da aka yi gwajin da kyau a yawan gurbi daban-daban, sai hoton ya sauya. A ƙololuwa alfa ƙarami ne, tsakanin 0.02 da 0.05. Amma da an rage gurabe sai ya hau, kuma a dangin lantanom, kusa da gurbi ɗaya bisa takwas, ya haura 0.5 ɗin BCS. Ƙungiyar Hugo Keller a Zurik ta kuma nuna cewa zurfin da maganaɗisu ke iya kutsawa cikin kayan yana sauyawa da aisotof, abin da ka'idar Eliashberg ta asali ba ta tanada ba, kuma oksijin na cikin faifan ne ke ɗauke da yawancin tasirin. Sannan ƙaramin alfa shi kaɗai ba ya wanke fonon: ruteniyom da zirkoniyom sufakondakta ne na gargajiya, amma alfansu kusan sifili ne. Haka nan babban alfa ba ya tabbatar da cewa fonon ne gam ɗin. A gurbi ɗaya bisa takwas ne gurabe ke jeruwa layi-layi, kamar yadda John Tranquada ya gani da niyutoron a 1995, layukan kuma suna kafuwa ne a kan wata karkata ta saƙar atom. Sauya nauyin oksijin na iya ƙarfafa layukan, su kuma su danne Tc. A nan fonon yana taɓa abokin gaba ne, wato layukan, ba ma'auratan kai tsaye ba.

Hujja ta uku ta fi nauyi. Idan jan da fonon ke yi iri ɗaya ne ta kowace fuska, to a salon d rabin gudummawarsa na ƙari ne, rabi na ragi, sai su cinye juna. Abin da ya rage shi ne nauyin da yake ƙara wa ilektoron, wanda ke rage Tc. Amma ba fonon ɗaya ba ne a cikin kiristal, kuma ba duka suke watsa ilektoron iri ɗaya ba. A faifan kufret biyu ne aka fi magana a kansu. Akwai girgizar numfashi, inda oksijin ke matsowa kusa da jan ƙarfe yana ja da baya a kan layin haɗinsu, mai kuzarin mili-ilektoron-bolt 70 zuwa 80. Wannan tana jefa ilektoron nesa, daga yankin ƙari zuwa yankin ragi, don haka tana cutar da salon d. Akwai kuma girgizar lotsawa, inda oksijin na wani layi ke hawa sama na ɗayan layin ke sauka ƙasa, mai kuzarin kusan 40. Ita ɗan karkatar da ilektoron kawai take yi, ya zauna a yankin da alamarsa ba ta sauya ba, don haka tana taimako. Sharaɗinta shi ne a sami filin lantarki da ke ratsa faifan daga sama zuwa ƙasa. A YBCO akwai shi, domin itiriyom mai caji 3 na gefe ɗaya, bariyom mai caji 2 na ɗaya gefen. Shi ya sa layin Raman na wannan girgiza a YBCO yake da karkatacciyar siffa kuma yake laushi idan an sauka ƙasa da Tc. A kayan da ke da faifai guda wanda samansa da ƙasansa suka yi daidai, wannan riƙo ba ya tasowa a matakin farko.

Gardamar da ta fi zafi ta taso ne daga na'urar ARPES. Ana ɓantare kiristal a cikin ɗakin da aka zuƙe iskarsa ƙwarai, a haska masa haske mai ƙarfi, a auna kuzari da kusurwar ilektoron da suka fito. An fi amfani da Bi-2212, wani kufret mai bismot, saboda yana ɓarewa sumul tsakanin faifan bismot biyu. YBCO kuwa fuskarsa takan tara gurabe fiye da cikinsa bayan an ɓare shi, sai a auna abin da ba shi ake nema ba. Idan aka zana kuzarin ilektoron a kan saurin tafiyarsa, layin ba ya miƙewa: yana yin gwiwa a kusan mili-ilektoron-bolt 70 ƙasa da matakin Fermi, wato matakin kuzari mafi girma da ilektoron suka cike. Gwiwa irin wannan alama ce ta cewa ilektoron yana mu'amala da wani abu mai wannan kuzari. A 2001 Alessandra Lanzara da ƙungiyar Zhi-Xun Shen a Stanford suka ce fonon ne, saboda gwiwar tana nan a kayan da Tc ɗinsu ya bambanta ƙwarai, kuma ba ta ɓacewa sama da Tc. Wasu suka ce maganaɗisu ne, suna nuni da wani amo na sifin da niyutoron ya gano a mili-ilektoron-bolt 41 a YBCO tun 1991, kuma a 2009 wani lissafi da aka gina a kan awon niyutoron ya fitar da gwiwar ba tare da fonon ba.

Rauni a wannan awo shi ne, don a fitar da lamda daga gwiwa dole a san yadda layin zai kasance da babu mu'amalar, kuma wannan ba a auna shi, zato ake yi. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi zai sami lamda daban da wanda ya ɗauko layin daga lissafin kwamfuta. Aisotof ne ya kamata ya raba gardama. Rahoton 2004 ya ba da babban sauyi, amma wata ƙungiya ta kasa maimaita shi a 2007. A 2008 Iwasawa da abokan aikinsa suka sami motsin gwiwar da kusan mili-ilektoron-bolt 3.4, wanda ya yi kusa da abin da ake tsammani daga oksijin. Ƙungiyar Séamus Davis ma, da na'urar STM mai bin fuskar abu da tsinin allura, a 2006, ta ga wata alama a mili-ilektoron-bolt 52 da ta sauka da kusan kashi 6 cikin ɗari da oksijin-18, ko da yake an yi ƙorafin cewa ilektoron na iya tayar da girgizar ne a hanyarsa ta fita, ba a cikin faifan ba.

Lissafin kwamfuta na DFT, wanda ke fitar da halin ilektoron daga tsarin atom, ya ƙara dagula lamarin. A 2008 Giustino da Cohen da Louie suka lissafa riƙon suka ga ya yi ƙanƙanta sau da yawa a kan abin da gwiwar ke buƙata, wani lissafin kuma ya ba YBCO lamda ƙasa da 0.3. Sai dai wannan lissafi shi ne wanda ke cewa La2CuO4 ƙarfe ne mai wuce da lantarki, alhali ba haka ba ne. Kuma ya kasa fitar da abin da Pintschovius da Reznik suka auna da niyutoron: girgizar numfashi tana yin laushi da faɗi ƙwarai a daidai tsawon igiyar da layukan caji ke da shi. A ganina nan ne zuciyar maganar take. Inda ilektoron suka cushe suna tafiya da ƙyar, ba sa iya rufe filin lantarkin da atom mai motsi ke haifarwa kamar yadda suke yi a alminiyom, musamman tsakanin faifai da faifai. Ilektoron da maganaɗisu ya riga ya rage masa gudu ya fi sauƙin kamuwa a ramin da ya haƙa wa kansa a saƙar atom, abin da ake kira folaron, kuma faɗin layukan ARPES a uwayen kufret irin su Ca2CuO2Cl2 ya yi daidai da wannan. Ƙari a kan haka, ka'idar Migdal ta 1958, wadda duk lissafin gargajiya ya dogara a kanta, tana buƙatar kuzarin fonon ya zama ɗan mitsitsi idan aka gwada da na ilektoron. A alminiyom, mili-ilektoron-bolt 37 ne a kan ilektoron-bolt 11.7. A kufret, 70 ne a kan 'yan ɗaruruwa. Jinkirin da ya zama sirrin BCS ya ragu ƙwarai. Saboda haka tambayar ko fonon ne ko sifin tambaya ce da ke ɗauka ana iya raba su a auna kowanne shi kaɗai, kuma kayan ba su yarda da wannan rabo ba. Hujjar salon d ta isa ta nuna ƙiyayyar ilektoron da maganaɗisu ne ke zaɓar siffar auren. Fonon na iya zama abin da ke ƙara ko rage Tc daga wani abu zuwa wani.

Wasu kayan sun nuna cewa rufin da aka yi zaton fonon na da shi ba rufi ba ne. MgB2, haɗin magniziyom da boron, wanda ƙungiyar Jun Akimitsu ta gano a Japan a 2001, yana da Tc na 39, kuma kusan girgiza ɗaya ce ta boron ke ɗauke da shi, da alfa na boron kusan 0.3. A 2015 ƙungiyar Mikhail Eremets a Mainz ta Jamus ta sami digiri 203 a H3S, haɗin haidurojin da farar wuta, a matsin gigafaskal 155 (gigafaskal ɗaya ya ninka matsin iska kusan sau dubu goma), a 2019 kuma LaH10, haɗin lantanom da haidurojin, ya kai kusan 250 a gigafaskal 170. Neil Ashcroft ya hango wannan tun 1968: haidurojin ba shi da nauyi, girgizarsa na da sauri, matsi kuma yana hana saƙar rushewa duk da lamda ya kai wajen 2. Da aka sa diyuteriyom, aisotof ɗin haidurojin mai ninkin nauyi, a madadinsa Tc ya sauka sosai. Amma samfurin ɗan ƙurar ne tsakanin bakin lu'ulu'u biyu, awon maganaɗisu a wurin yana da wuya ƙwarai saboda dole a cire amon na'urar kanta, kuma mujallar Nature ta janye rahotanni biyu, na 2020 da na 2023, da suka yi iƙirarin kaiwa zafin ɗaki.

Misalin da ya fi kusa da matsalar kufret shi ne FeSe, haɗin baƙin ƙarfe da siliniyom. A dunƙule Tc ɗinsa 8 ne. A 2012 ƙungiyar Xue Qikun a jami'ar Tsinghua ta shimfiɗa faifai ɗaya tak a kan SrTiO3, haɗin sitirontiyom da taitaniyom da oksijin, daga baya kuma aka ga giɓin kuzari ya dawwama har wajen digiri 65, ko da yake turjiya ba ta kai sifili sai ƙasa da haka. A 2014 ARPES ya nuna kowane layin ilektoron yana da inuwa kusan mili-ilektoron-bolt 100 a ƙasansa, daidai da wata girgizar oksijin ta SrTiO3. Inuwar ta riƙe siffar layin, wanda ke nufin fonon ɗin ɗan karkatar da ilektoron kawai yake yi, irin riƙon da ke taimaka wa kowane salon aure. Sawatzky da abokin aikinsa sun ƙalubalanci wannan a 2018, suna cewa ilektoron ɗin yana asarar kuzarin ne bayan ya bar fuskar kayan. Kuma ko an yarda da fonon, SrTiO3 yana zuba wa FeSe ƙarin ilektoron, wanda shi kaɗai yana iya kai Tc sama da 40.

Abin da ake buƙata a kufret ba lamda guda ba ne, taswira ce ta riƙon kowace girgiza a kowace kusurwa da kowane yawan gurbi. Na'urar da ta fara ba da wannan ita ce RIXS. Ana daidaita hasken eks-re a kusan ilektoron-bolt 931, inda jan ƙarfe ke haɗiye shi, a tayar da ilektoron na ɗan lokaci ƙanƙani, atom ɗin kewaye su motsa, sannan a auna kuzarin da hasken ya rasa. Ƙarfin alamar fonon a nan yana bin ƙarfin riƙon kai tsaye. A cibiyar ESRF da ke Grenoble ta Faransa kaifin awon ya sauko zuwa mili-ilektoron-bolt 30 zuwa 40, wanda ya isa a ware girgizar numfashi, amma girgizar lotsawa, wadda ita ce mai taimakon salon d, tana zaune ne a gindin babban layin hasken da ya dawo bai rasa komai ba, kuma sai an cire wannan layi da lissafi kafin a gan ta.